Jagora ga Masu Kai Baƙi Yawon Daji daga Kumasi: Yadda Sharhin Abokan Ciniki Ke Kawo Sabbin Matafiya

A 'yan shekarun nan matasa da dama daga Aboabo, da Asawase, da Sabon Zango, da sauran unguwanninmu na Kumasi sun shiga sana'ar kai mutane yawon buɗe ido zuwa wuraren da Allah ya ƙawata da ruwa da itatuwa da namun daji. Wani da motarsa yake aiki, wani kuma haya yake ɗaukowa, amma wuraren zuwan kusan ɗaya ne: tafkin Bosomtwe, da dajin Bobiri, da garuruwan birai na Boabeng da Fiema, da matsirgar ruwan Kintampo, sai kuma doguwar tafiya zuwa gandun dajin Mole a arewa ko Kakum a kusa da Cape Coast. Mafi yawansu suna aiki tsakani da Allah, kuma mutanen da suka kai suna dawowa da yabo. Abin takaicin shi ne yabon nan a saƙon murya na WhatsApp yake ƙarewa, ko a ƙofar masallaci bayan sallar Isha, inda ba mai jinsa sai wanda dama ya san mai sana'ar. Baƙon da ke zaune a Kano, ko Yamai, ko Landan, yana laluben wanda zai damƙa wa kuɗinsa da iyalinsa, ko kalma ɗaya daga ciki ba ta isa kunnensa.

Mai sayen atamfa a kasuwar Kejetia yana taɓa ta, ya ɗaga ta a rana ya duba launinta, sannan ya biya. Mai kama gurbi a tafiyar Mole kuwa yana tura kafin alƙalami ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, tun makonni kafin ranar, ga mutumin da bai taɓa gani ba, a kan abin da ba shi da halin gwadawa, sannan ya shiga motarsa da matarsa da 'ya'yansa su kama hanyar da bai sani ba. Tallar da ka rubuta da hannunka ba za ta kwantar masa da hankali ba, domin kowa ya san yabon kai jahilci ne. Abin da yake nema shi ne maganar wanda ya riga shi zuwa, ya dawo lafiya, kuma ba shi da wata riba a cikin abin da ya faɗa. Aikinka shi ne ka ɗauko wannan shaidar daga inda take ɓacewa, ka kai ta inda baƙo ke dubawa, ba tare da ka sa mata hannu ko ka ƙara mata gishiri ba.

Mataki na farko: ka tanadi wurin da za a ajiye shaidar

Kafin ka roƙi kowa ya rubuta maka komai, ka tabbata sana'arka tana da suna guda ɗaya da ba ya canzawa, da lambar waya guda, da takardun hukuma. Ghana Tourism Authority, wadda dokar yawon buɗe ido ta 2011 ta kafa, ita ce ke ba masu wannan sana'a lasisi. Sharhi yana jawo idon jama'a gaba ɗaya kan aikinka, har da idon hukuma da na abokan takara, saboda haka bai dace ka fara kiran mutane su dube ka ba alhali takardunka ba su cika ba.

Daga nan sai ka buɗe Google Business Profile, wanda kyauta ne, kuma shi ne ke sa sunan sana'arka ya bayyana a taswirar Google tare da sharhin mutane da taurarin da suka ba ka, wato maki daga ɗaya zuwa biyar. Dalilin fara da shi a fili yake: kusan duk mai wayar Android yana da asusun Google a cikin wayarsa ko da bai sani ba, don haka ba sai ya yi wata sabuwar rajista ba kafin ya rubuta. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa yawan sharhi da darajar taurarinsu suna cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera sana'o'i ga mai bincike, tare da kusancin wuri da dacewar sana'ar da abin da aka nema. Idan ba ka da ofishi, akwai damar ka yi rajista a matsayin mai zuwa wurin abokan ciniki, ka ɓoye adireshin gidanka. Kada ka ɗora alamar sana'arka a kan wani bene na unguwar Adum da ba ka da ɗaki a cikinsa, domin ranar da baƙo ya je bai same ka ba, da wannan zai buɗe sharhinsa.

TripAdvisor, shafin da matafiya ke rubuta sharhi a kai, shi ne na biyu, kuma Turawa da baƙaƙen fata mazauna Amurka da Ingila, waɗanda zuwansu Ghana ya ƙaru tun bikin Shekarar Dawowa na 2019, can suka saba dubawa. Yana jera sana'o'i ne bisa kyawun sharhi, da yawansu, da sabuntarsu, wato sharhin watan jiya ya fi na shekara uku da suka wuce nauyi. Facebook kuwa tun 2018 ya bar tsarin taurari a shafukan kasuwanci, sai dai ya tambayi mutum ko yana ba da shawarar a zo wurinka ko a'a, kuma yana da amfani ga ƙungiyoyin mata da na tsoffin ɗalibai. Akwai kuma kasuwannin sayar da tafiye-tafiye irin su Viator da GetYourGuide, waɗanda ke cire kamisho mai tsoka daga kowane ciniki. Waɗannan a bar su sai sana'a ta yi ƙwari. Shawarata ita ce ka tattara ƙarfinka a Google tukuna, ka ƙara TripAdvisor idan baƙin ƙetare sun fara zuwa, domin sharhi ashirin a wuri ɗaya sun fi ashirin da aka warwatsa a wurare biyar gamsar da mai karatu.

Mataki na biyu: ka daidaita alkawarinka da abin da daji zai iya bayarwa

A nan ne sana'ar yawon daji ta bambanta da ta otal ko gidan abinci, kuma a nan ne aka fi yin asarar taurari. Mai otal yana iya tabbatar da cewa gado na nan da ruwan wanka, amma ba wanda zai iya ba giwa umarnin ta fito. Galibin sharhi masu zafi da ake rubuta wa masu wannan sana'a ba daga mugun aiki suke tasowa ba, daga tazarar da ke tsakanin abin da aka sa wa mutum a rai ne da abin da ya tarar. Saboda haka sharhi mai kyau tun a ranar da aka fara ciniki ake shirya shi.

Ka san kowane wuri da lokacinsa, kuma ka faɗa tun kafin a biya. A Mole, wanda shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar, da rani ne giwaye ke taruwa a wuraren shan ruwa, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, amma da damina ruwa ya wadata ko'ina, ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun warwatsu, kuma mutum yana iya zagayawa ya dawo da ganin gwaggon biri da mugun dawa da bareyi kawai. Wanda ka gaya wa haka tun a Kumasi, idan ya ga giwa sai ya ɗauke ta a matsayin kyauta. Wanda ka yi wa rantsuwa cewa zai gani, idan bai gani ba sai ya ɗauke ka mayaudari. A Kakum, gadojin igiya bakwai da ke rataye a saman itatuwa, waɗanda aka buɗe a 1995, su ne abin zuwa, ba namun daji ba, domin da wuya a hango manyan dabbobi daga sama, kuma a ranakun hutu ɗalibai suna cika wurin, sai wanda ya yi sammako ne ke samun natsuwa. Ka kuma gaya wa mutane cewa akwai hawan tudu kafin a kai gadar, saboda dattawa da masu jin jiri idan sun hau sama su yanke shawara tun da wuri. A Bobiri, inda ake da malam-buɗe-littafi kusan iri 400, sai rana ta buɗe suke fitowa sosai, kuma ranar da hadari ya rufe sama kaɗan ake gani. A Bosomtwe, tafkin da ya samu a ramin da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa fiye da shekara miliyan da ta wuce, hazon hunturu yana rufe tsaunukan da ke kewaye, ta yadda hoton da mutum zai ɗauka a Janairu ba zai yi kama da wanda ya gani a tallarka ba.

Haka nan batun kuɗi da nisa. Ka rubuta a saƙo guda abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba: kuɗin shiga, wanda a yawancin wuraren nan na ɗan ƙasa daban ne da na baƙo, da kuɗin ma'aikacin gandun daji mai bindiga da ke rakiya a Mole, da motar zagaya daji, da abinci, da masauki. Ba abin da ke ɓata ran matafiyi kamar a tsayar da shi a ƙofar shiga a ce ya ƙaro kuɗi. Tafiyar Mole daga Kumasi ta Techiman da Kintampo da Damongo tana cin mafi yawan yini, kuma wanda ya rage awannin don kada ciniki ya kuɓuce masa, zai karanta sakamakon a shafinsa.

Akwai kuma abin da ku 'yan Zango kuka fi sauran masu sana'ar iyawa, wanda sau da yawa ba ku ɗauke shi a bakin komai ba. Iyalin Musulmi da ke shirin tafiya suna so su san ko za a tsaya sallah a kan lokaci, ko abincin hanya halal ne, ko za a kula da mutuncin mata a wurin zama da wurin kwana, ko za a biya ta tsohon masallacin Larabanga da ke dab da ƙofar Mole. Idan ka kula da waɗannan da gangan, su ne za su fito a sharhi, kuma jimla ɗaya daga bakin wata uwa cewa an tsaya musu sallar Azahar ba tare da sun roƙa ba, za ta kawo maka iyalan da babu tallar da za ta kawo su.

Mataki na uku: ka roƙa, a lokacin da ya dace kuma da kalmomin da suka dace

Mutanenmu suna da kunya da kawaici, kuma mai sana'a yakan ji nauyin ya ce a yabe shi. Ka sani cewa wanda ya ji daɗi yakan yi maka addu'a ya tafi gida, wanda ransa ya ɓaci ne ke neman inda zai rubuta ba tare da an ce ya yi ba. Idan ka yi shiru, masu fushi kaɗai ne za su ba da labarinka. Ba yabo kake roƙo ba, shaida kake nema, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Roƙon kashi biyu ne. Na farko da baki ake yinsa, a hanyar dawowa, bayan an ci abinci an huta, kafin gajiyar cunkoson shiga gari ta sauko wa mutane. Ɗan jagoran da ya yini tare da su shi ya kamata ya yi maganar, ba mai kamfani da ba su taɓa gani ba. Ya gode musu, ya gaya musu cewa gobe za a turo hotuna tare da adireshin shafin, kuma duk wanda ya samu hali ya rubuta abin da ya gani tsakaninsa da Allah. Na biyu a rubuce ne, washegari, lokacin da tafiyar ke sabuwa a rai. Google yana ba mai sana'a gajeren adireshi da ke kai mutum kai tsaye wurin rubuta sharhi. Shi za ka tura, domin wanda aka ce ya je ya nemo sunanka da kansa, a hanya zai shagala. Ka haɗa shi da hotunan mutumin, saboda ba wanda ke ƙin buɗe saƙon da ke ɗauke da hotonsa. Ga misalin abin da za ka iya aika wa babbar mace da ta je da iyalinta:

"Assalamu alaikum Hajiya, barkanku da hutawa, ya gajiyar hanya, ya yara? Ga hotunan da muka ɗauka jiya a bakin tafki. Muna neman alfarma guda: idan kun samu sarari, ku taɓa wannan adireshin ku rubuta yadda kuka ga tafiyar, da abin da ya yi muku daɗi da abin da kuke ganin ya kamata mu gyara. Masu neman wanda zai kai iyalinsu suna karanta irin wannan kafin su kira mu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci."

Ka lura cewa ba a ambaci taurari biyar a ciki ba, kuma an buɗe ƙofar gyara. Ga baƙin ƙetare ma'anar ɗaya ce da Turanci, sai dai a taƙaita gaisuwar. Ka tura wa kowa da sunansa, ba cikin zauren WhatsApp na tafiyar ba, inda kowa zai ɗauka da wani ake. Idan mako ya wuce ba a rubuta ba, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, daga nan ka ƙyale shi.

Da yawa suna son rubutawa amma ba su san ta inda za su fara ba, sai su ce komai ya yi kyau su tsaya nan. Irin wannan sharhin ba ya gaya wa baƙo komai. Kana iya taimaka musu da tambayoyi, ba da amsoshi ba: ina kuka je kuma a wane wata, wa ya yi muku jagora, me za ku gaya wa mai shirin zuwa da yara ko da tsoho? Sharhin da ya ambaci Boabeng, ya faɗi yadda birai ke saukowa har cikin gari da yadda mutanen wurin ke binne su a maƙabarta ta musamman idan sun mutu, ya kuma ambaci sunan direba, shi ne mai karatu ke gaskatawa. Wanda ya fi sakewa da Hausa ya rubuta da Hausa a Google; Bahaushen da ke bincike daga Najeriya ko Nijar zai ji kamar ɗan'uwansa ne ke ba shi labari.

Saura batun dattawan da ba sa rubutu a waya. Idan Alhaji ya turo maka saƙon murya na yabo, kada ka karɓi wayarsa ka rubuta da kanka, kada kuma ka juya maganarsa ka ɗora da wani asusu. Ka roƙe shi ya sa ɗansa ko jikansa ya rubuta masa a wayarsa, da kalmominsa. Idan hakan bai samu ba, ka nemi izininsa ka yi amfani da muryar a tallarka. A tafiyar makaranta kuwa malaman da suka yi rakiya ne za su rubuta, ba yara ba. A tafiyar ƙungiya, ka bi ta hannun shugaba ko magajiya, amma kowa ya rubuta nasa daga wayarsa, a gidansa, domin sharhi masu yawa da suka fito daga na'ura ɗaya a lokaci ɗaya suna kama da na jabu, kuma ana iya share su.

Mataki na huɗu: ka nisanci gajerun hanyoyi

Za a zo maka da tayin sharhi hamsin a kan 'yan sidi kaɗan, kuma za ka ji sha'awar sa ƙannenka da abokan zaman majalisa su rubuta alhali ba su taɓa shiga motarka ba. Google da TripAdvisor duk sun haramta wannan, kuma sun haramta ba da rangwame, ko kyauta, ko katin waya don a rubuta sharhi. Google ya kuma hana tace mutane, wato ka roƙi waɗanda ka san sun ji daɗi kaɗai ka tsallake masu ƙorafi. Hukuncin yana iya zama share sharhin, ko saukar da sana'ar ƙasa a jeri, ko manna gargaɗi a shafinka inda kowa zai gani. Abin ya wuce dokar kamfani ma: a 2018 wata kotu a Italiya ta ɗaure wani mai sayar da sharhin jabu na TripAdvisor wata tara, kuma a 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa dokar da ta haramta saye da sayar da irinsu.

Mu kuwa muna da dalilin da ya fi wannan nauyi. Sharhin wanda bai je ba shaidar zur ce, kuma wanda aka yaudara da ita mutum ne da zai ɗauki 'ya'yansa ya sa a motarka saboda ya gaskata ta. Ban ga wata hanyar halatta wannan ba, ko da kowa a tasha yana yi.

Mai tsoron sharhi mara daɗi ya yi lissafi. Idan kana da sharhi 10 duk masu taurari biyar, sai wani ya ba ka tauraro ɗaya, matsakaicinka zai sauko zuwa 4.6. Idan kana da 60 aka yi maka haka, 4.9 zai nuna. Maganin sharhi mara daɗi shi ne yawan na gaskiya, kuma ta roƙon kowa da kowa bayan kowace tafiya ake tara su.

Mataki na biyar: ka amsa kowane sharhi

Amsarka ba ga wanda ya rubuta kaɗai take zuwa ba, mutane da yawa da ba su kira ka ba tukuna suna karantawa don su ga halinka. Ga mai yabo jimla biyu ko uku sun isa, amma ka ambaci wani abu na tafiyarsa don a san ba kwafe ka yi ba.

Sharhi mai zafi shi ke buƙatar natsuwa. Kada ka amsa a daren da ka gan shi. Ka tambayi direba da ɗan jagora abin da ya faru, ka kwana, sannan ka rubuta. Ka amsa laifin da yake naka ba tare da kewaye-kewaye ba, ka bayyana wanda ba naka ba ba tare da ƙaryata mutum ba, ka faɗi abin da ka gyara, sannan ka mayar da sauran maganar waya. Misali:

"Malam, mun gode da kuka ɗauki lokaci kuka rubuto. Gaskiya ne mota ta makara, kuma ba mu sanar da ku da wuri ba. Wannan laifinmu ne, muna neman afuwa. Yanzu tun daren jajibirin tafiya muke duba mota mu zuba mai. Game da giwaye, a watan Agusta ruwa ya wadata a daji, ba sa taruwa wuri ɗaya, kuma ya kamata a ce mun fayyace muku haka kafin ku biya. Za mu kira ku yau idan kun ba mu dama."

Mai karanta irin wannan amsa yakan fi amincewa da kai fiye da wanda shafinsa ba ko ƙura, domin ya ga yadda kake yi idan abu ya ɓaci. Idan ka sasanta da mutumin, yana da ikon gyara sharhinsa da kansa, amma kada ka sa hakan ya zama sharaɗin mayar masa da kuɗi. Kada kuma fushi ya sa ka tona sirrinsa, ko ka wallafa lambarsa ko hoton hirarku. Ban da zubar da mutunci, dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012 tana kan duk mai riƙe da bayanan abokan ciniki. Ba za ka iya share sharhi da kanka ba, amma idan na wanda bai taɓa tafiya da ku ba ne, ko yana ɗauke da zagi, akwai wurin kai ƙara a shafin. Wanda kuma ya yi maka barazanar zai ɓata ka idan ba ka rage masa kuɗi ba, ka adana saƙonsa. TripAdvisor yana da hanyar sanar da shi irin wannan tun kafin a wallafa sharhin.

Mataki na shida: ka karanta don gyara

Ka ware littafi, duk ƙarshen wata ka zauna da ma'aikatanka ku karanta abin da aka rubuta, ku ƙirga abin da ke maimaituwa. Ƙorafin mutum ɗaya kan yajin abinci ra'ayinsa ne, amma idan uku sun ambaci makara ko ƙarancin ruwan sha, aikinka ne ke da gyara. Batun lafiya da rai ne kaɗai ba a jiran ya maimaitu. Ba mu manta da watan Maris na 2017 ba, lokacin da iska da ruwan sama suka kayar da itace a matsirgar Kintampo, mutum kusan ashirin suka rasu, galibinsu ɗalibai. Idan mutum ɗaya ya rubuta cewa direba yana gudu, ko an bar yara sun shiga ruwa ba mai kula da su, ko an ci gaba da zama ƙarƙashin itatuwa hadari na tasowa, a ranar za a ɗauki mataki. Ɗan jagoran da ake yawan ambaton sunansa da alheri kuwa, ka karanta masa a gaban 'yan'uwansa, ka kuma ƙara masa wani abu a aljihu, domin shi ne ke riƙe maka kasuwa.

Mataki na bakwai: ka kai shaidar gaban mai shirin biya

Sharhin da ke kwance a Google yana aiki, amma yana ƙara aiki idan ka kai shi daidai inda mutum ke kokwanto. Mafi yawan cinikinku a WhatsApp yake ƙulluwa, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan ka faɗi farashi, mutum ya yi shiru. A nan ne za ka tura masa sharhi ɗaya ko biyu na mutanen da suka yi kama da shi, tare da adireshin shafin don ya karanta sauran da idonsa. Shugaban makarantar Islamiyya ka tura masa na malamin da ya raka ɗalibai. Uwa mai ƙananan yara ka tura mata na wata uwa. Mai kallon tsuntsaye da ke tambayar dajin Owabi ko Bobiri ka tura masa na wanda ya ambaci sammako da haƙurin ɗan jagora. Ka sa lambar QR ta shafinka, wato alamar da ake haskawa da kyamarar waya ta buɗe shafin, a jikin mota da kan takardar talla. Idan za ka ɗauko maganar wani ka sa a hoto ko bidiyo, ka nemi izininsa, kada ka canza masa kalma, kuma kada ka yanke rabin jimla ta yadda ma'anarta za ta juya. Hoton matan aure da na yara sai da yardar su kansu matan da ta iyaye.

Kalmomin da baƙi ke maimaitawa su ne ya kamata su koma cikin tallarka. Kai kana iya ɗauka cewa sabuwar mota kake sayarwa, alhali su abin da suke ta ambato shi ne ba a taɓa barinsu cikin duhu game da kuɗi ba.

Don ka san ko ƙoƙarin yana biya, ka tambayi duk wanda ya kama gurbi inda ya ji labarinku, ka rubuta amsar kusa da sunansa. Bayan wata uku ka duba mutum nawa suka ce daga Google ko TripAdvisor suka zo, da kuma mutum nawa cikin masu tambayar farashi suka kai ga biya. Idan adadin yana hawa har motarka tana cika kafin ranar tafiya, lokacin duba farashi ko ƙara mota ya yi, da sharaɗin sabon direba da sabon ɗan jagora su kai matsayin waɗanda aka yaba. Ka kuma lura da kalanda: baƙin Disamba da na ranin Mole tun watanni kafin zuwansu suke bincike, kuma sabon sharhi suke nema, saboda haka tafiye-tafiyen da za ka yi daga Agusta zuwa Nuwamba, ko da na mutum huɗu ne zuwa ƙauyen Abono a bakin Bosomtwe, kada ka bar ko ɗaya ta wuce ba ka tura saƙon washegari ba. Haka za ka yi da fitar iyalai ta bayan ƙaramar Sallah, domin masu shirin fita bayan babbar Sallah, wata biyu da 'yan kwanaki a gaba, abin da waɗancan suka rubuta za su karanta.